Sharhin masu karatu: wanda za ki ɗauka da wanda za ki bari ya wuce

Wata ƙanwata a harkar rubutu ce ta turo tambaya. Tana sakin labarinta shafi-shafi a zauren WhatsApp da kuma Wattpad, manhajar da marubuta ke sakin labarai ana karantawa. Da farko sharhi har ba ta iya karance shi, yanzu ta kai shafi na 30 abin ya ja baya. 'Yan kaɗan da suka rage suna magana sun rabu gida biyu: wasu sun ce lallai jarumar ta koma gidan mijinta na farko, wasu sun rantse in ta koma sun bar karatu. Ga kuma wata da ta ba tsohon littafinta tauraro ɗaya a wata manhaja ba tare da ta ce uffan ba. Tana so ta san ko ta dakatar da fostin sai an dawo da sharhi, ko ta bi ɓangaren da ya fi yawa, kuma ko ƙuri'a da taurarin da masu karatu ke bayarwa a manhajoji su ne ma'aunin kyan littafi.

Ƙanwata, kada ki dakatar, kuma kada ki sauya ƙarshen labarinki don an fi yawa a wani ɓangare. Amma kada ki toshe kunne. A cikin abin da suke rubuto miki akwai mai amfani ƙwarai, sai dai yawanci ba shi ne ya fi ƙara ba.

Ki fara da sanin su wa ke magana. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. A ce naki yana da 800. Ki koma shafuka goma na baya ki ƙirga sunayen da suka yi sharhi, sunaye nake nufi, ba yawan saƙonni ba. Zai yi wuya ki wuce talatin, kuma kusan kullum fuskokin nan ne dai. Wannan ba laifin labarinki ba ne, haka intanet take. Tun 2006 wani masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, Jakob Nielsen, ya bayyana abin da ake kira ƙa'idar 90-9-1: a mafi yawan dandali, kusan kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi su wuce, kashi 9 sukan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin mafi yawan surutun. A wajenmu ma akwai ƙarin dalilai. Akwai matar da ba ta samun buɗe waya sai sha ɗayan dare bayan yara sun yi barci. Akwai wadda datarta ta kusa ƙarewa, ta sauke shafin ta kashe. Akwai namijin da ke bin labarin tun farko amma ba zai taɓa bari a ga sunansa a zauren mata ba. Akwai ɗimbin waɗanda ba su ma cikin zauren, turo musu ake yi daga hannu na uku ko na huɗu. Idan kika juya labari saboda mutum ashirin, kin yi wa ɗari bakwai da tamanin hukunci ba tare da kin ji ta bakinsu ba.

Su kansu masu maganar ba abu ɗaya suke kawo miki ba. Mafi yawa shi ne "mun gode", "Allah ya ƙara basira", "muna jiran ci gaba", sai sitika. Ban raina wannan ba. Wanda bai taɓa zama yana taifin da babban yatsa har wuyansa ya ƙage ba shi ne zai ce addu'ar mai karatu ba komai ba ce. Ita ke sa ki tashi gobe ki sake. Amma ba ta gaya miki komai game da shafin da kika rubuta, domin da kin yi mai kyau da kin yi na gaggawa, godiyar iri ɗaya za ta zo.

Sai masu zagin mugun cikin labari. Idan kika ga an cika zaure da Allah ya isa a kan uwar mijin da kika ƙirƙira, har wata tana cewa ta kasa cin abinci, ki gode wa Allah, aiki ya yi. Rabuwar da masu karatunki suka yi gida biyu ma daga nan take. Mutane ba sa faɗa a kan jarumar da ba ta dame su ba.

Wanda ya fi kowanne daraja shi ne wanda marubuta suka fi jin haushinsa. Ki kwatanta waɗannan biyun. Ɗaya ta rubuta: "Wallahi Anti in kika bari Hajiya ta ci bulus na daina karantawa." Ɗayar ta rubuta: "Ni fa ban gane ba, ba a shafi na 12 aka ce ba ta san yana da wata matar ba? To ya aka yi yanzu take cewa tun kafin aure ta sani?" Ta farkon tana gaya miki abin da zuciyarta ke so, kuma za ta dawo gobe ko me kika yi, don ta ga yadda za ta kaya da Hajiyar. Ta biyun ta kama miki ɓaraka. Ko dai kin manta abin da kika rubuta, ko kuma kin san dalili a ranki amma bai fito a shafi ba. Duk wanda ya ce bai gane ba, ko ya ce wuri kaza ya gundure shi, ko ya ce wannan hali bai yi kama da jarumar da ya sani ba, ki ɗauki maganarsa da muhimmanci ko da ya faɗe ta da gatsali. In mutum uku da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai abin gyara a wurin.

Haka gyaran ilimi. Kin rubuta cewa mijin ya rasu, bayan wata uku an ɗaura mata aure, sai wata ta tuna miki takaba wata huɗu ne da kwana goma, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Ko ma'aikaciyar jinya ta ce miki ba haka ake ƙarin jini ba, ko wani ya ce rabon gadon da kika yi bai hau ba. Irin wannan ba a musu a kansa. Ki bincika, ki gyara, ki yi godiya a bainar jama'a. Wannan ita ce babbar ribar da marubucin intanet ya fi na takarda da ita: yana da ɗaruruwan masu duba masa aiki kyauta, kowa da fanninsa. Andy Weir na Amurka a shafinsa na intanet ya riƙa sakin littafinsa The Martian babi-babi, masu karatu da suka san kimiyya suna gyara masa lissafi da sinadarai yana komawa yana gyarawa, kafin littafin ya fito a takarda a 2014, a yi fim ɗinsa a 2015. Abin lura, kuskuren kimiyya suka gyara masa. Yadda labarin zai ƙare yana hannunsa.

Dalilin da ya sa ba a miƙa wa mai karatu alƙalami shi ne, abin da yake roƙo shi ne a sauke masa nauyin da kika ɗora masa. Yana so a hukunta azzaluma yau, a haɗa masoya gobe. Alhali wannan nauyin ne ke dawo da shi kullum. Ranar da kika biya masa bukata a shafi na 31, zai yi murna, ya turo sitika goma, a shafi na 33 kuma ki neme shi ki rasa, don babu sauran abin da yake jira. Daga nan sai marubuciya ta shiga ƙirƙiro sabuwar masifa da ba ta da tushe, a sace yaro, a yi haɗarin mota, wani ya manta tunaninsa, don dai a farfaɗo da zaure. Da yawan littattafan da ke kai shafi ɗari da hamsin alhali labarinsu na sittin ne, ta wannan hanya suka kumbura.

Matsin masu karatu ba sabon abu ba ne. Marubuci Arthur Conan Doyle ya gaji da jarumin labaransa, Sherlock Holmes, ya kashe shi a 1893, jama'ar Ingila suka yi ta ƙorafi, mawallafa suka yi ta zuba tayin kuɗi, a 1903 ya dawo da shi da rai. Mu ma a zamanin adabin kasuwar Kano marubuci yakan sa adireshinsa a littafi, wasiƙu su yi ta zuwa, a littafi na biyu ya jero sunayen masu gaisuwa. 'Yan kasuwar littafi da masu ba da haya kuwa su ne ke gaya masa ko na ɗaya ya tafi, wanda shi ke nuna ko za a buga na biyu. Bambancin kawai shi ne lokaci. Wasiƙa tana ɗaukar makonni, kafin ta iso an gama rubutun. Yanzu minti biyu bayan fostin ra'ayi ya iso, shafin gobe kuma ba a rubuta shi ba tukuna. Shi ya sa nake ce wa duk mai sakin labari kullum ya rubuta ƙarshensa a takarda tun kafin ya saki shafin farko, kuma ya kasance yana gaban masu karatu da aƙalla shafi goma. Wanda ke rubuta na gobe a daren yau, sharhin yau ne zai rubuta masa shi, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wani wuri da bin sharhi ya yi mana ɓarna, kuma gara a faɗa. Marubuciya ta saki shafin da aka shiga ɗakin ma'aurata, sai ta ga zaure ya ɗauki wuta, sharhi ya ninka. Ta saki shafin da ta fi shan wahalarsa, inda uwa da 'ya ke magana a tsakar gida, shiru. Sai ta ɗauka abin da ake so ke nan, ta ƙara, na gaba ya fi na baya. Ba ta ga waɗanda suka fice a hankali ba, don mai ficewa ba ya sallama. Bayan littafi uku sunanta ya riga ya zauna a wani layi da ba ta taɓa niyyar shiga ba, fita kuma ta yi wuya.

Yanzu lambobi. A Wattpad, adadin karatun da ke jikin littafi jimillar na dukkan babobi ne. Littafi mai babi 100 da mutum 100 suka karanta zai nuna 10,000, mai babi 20 da mutum 400 suka karanta zai nuna 8,000. Wanda ya kalli lambar sama kawai zai ce na farkon ya fi jama'a, alhali na biyun ya ninka shi huɗu. Ƙuri'a ma a kan kowane babi ake jefa ta, don haka ita ma tana bin tsawo. Taurari kuwa, inda ake ba da su daga ɗaya zuwa biyar kamar Goodreads (shafin da masu karatu ke ba littattafai maki) da Amazon, ƙarfinsu yana ga yawan masu bayarwa. In mutum uku suka ba ki biyar-biyar, ta huɗu ta ba ki ɗaya, kin sauko 4.0. In mutum 200 ne suka ba ki matsakaicin 4.5, wannan ɗayan da ƙyar zai motsa ki zuwa 4.48. Maganin tauraro ɗayan da ke hana ki barci shi ne ƙarin masu bayarwa na gaskiya, ba neman wadda ta bayar ba.

Kuma lamba tana jan lamba. A 2006 wasu masu bincike uku a Jami'ar Columbia, Salganik da Dodds da Watts, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun tara mutum sama da 14,000, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Wani rukuni ba ya ganin abin da wasu suka sauke, sauran rukunan kowanne yana ganin lambobin 'yan rukuninsa. A inda ake ganin lamba, waƙar da ta yi sa'ar fara gaba sai ta yi ta yin gaba, kuma wadda ta yi zarra a wannan rukuni tana iya zama ta tsakiya a wancan. Masu kyau sosai ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, marasa kyau sosai ba su cika hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani sa'a ce da wanda ya riga. Littafi ma haka ne. Wadda ta fi ki ƙuri'a sau goma wataƙila ta fi ki iya rubutu, wataƙila kuma ta riga ki shiga manyan zauruka ne kawai. Wani binciken na 2014 a kan Goodreads ya gano cewa littattafan da suka ci manyan kyaututtuka taurarinsu kan ragu bayan kyautar, saboda suna jawo mutanen da da can ba irin littafin suke so ba. Wato saukar maki wani lokaci alama ce ta cewa kin fita daga da'irar ƙawaye.

To ina amfaninsu? Amfaninsu na kasuwa ne. Manhaja tana duba motsin da ke kan littafi, karatu da ƙuri'a da sharhi, wajen zaɓar wanda za ta tura gaban mutane. Baƙon da bai san ki ba kuma, kafin ya ba da lokacinsa ko kuɗinsa, zai leƙa ya ga me wasu suka ce. Saboda haka ki nema, ba abin kunya ba ne. Amma akwai yadda ake nema. "Ba sharhi ba fostin" da ya zama ruwan dare ba ya haifar da komai sai tarin sitika da godiyar dole, ya kuma hukunta mutanen da ba su yi laifin komai ba sai karatu. Mafi muni, yana karya alƙawarin lokaci, wanda shi ne jarin mai sakin labari. Wadda ta saba ganin shafinki ƙarfe takwas, in ta zo sau uku ba ta gani ba, akwai littafi hamsin da ke jiran ta a wasu zaurukan. Gara ki rufe shafi da tambaya takamaimiya: a ganinku me ya hana ta gaya wa mahaifinta gaskiya? Irin wannan tana fito da mutanen da ba su taɓa magana ba, amsarsu kuma za ta nuna miki ko abin da kika binne a labarin ya isa inda kika aika shi.

In kina son ma'aunin da ba ya yi miki kara, ki yi irin ta mai abincin sayarwa. Kowa zai ce mata abinci ya yi daɗi, ita kuwa kwanukan da aka dawo da su take dubawa ta ga me aka rage. Ki ɗauki littafin rubutu ki jera babobinki na Wattpad, kowanne da adadin karatunsa. Faɗuwa daga babi na 1 zuwa na 2 ko na 3 kowa yana samun ta, masu leƙe ne suka wuce. Abin nema shi ne inda layin ke tafiya daidai sai ya faɗa rami, a ce daga babi na 17 zuwa na 19 kin rasa kashi ɗaya cikin uku. Ki koma ki karanta waɗannan babobin da idon baƙo. Galibi za ki tarar ko dai kin dakatar da labari kin koma ba da tarihin kakanni, ko kin shigo da sababbin mutane biyar a lokaci ɗaya, ko kin warware babban ƙullin da wuri, ko kuma a nan ne kika yi sati biyu ba fostin. Babu mai gaya miki wannan a sharhi. A littafin da ake biya kafin a ci gaba da karantawa ma haka: yawan waɗanda suka tura N500 ko N1,000 bayan shafukan kyauta sun ƙare, har da 'yan Nijar masu turo sefa, yana nuna ƙarfin farkon labarin da inda kika yanke shi. Wanda ke nuna ko sun gamsu da ƙarshensa shi ne nawa ne daga cikinsu suka dawo suka sayi littafinki na gaba.

Sharhin "yi mini in yi miki" da ake yi tsakanin 'yan ƙungiya ɗaya zumunci ne, ki karɓe shi a haka, kada ki sa shi a lissafi. Buɗe asusun bogi don yabon kai ko dukan wata kuwa, ban da zunubin, asiri yana tonuwa. A ƙarshen 2023 an kama wata sabuwar marubuciya a Amurka tana ba littattafan takwarorinta tauraro ɗaya a Goodreads da sunayen ƙarya, tana ba nata biyar. Kamfanin da zai buga littafinta ya janye tun kafin ya fito. Ita kuma wadda ta ba ki ɗayan, kada ki mayar mata da martani, kada ki ɗauki hoton abin ki kai zaure masoya su yi mata rubdugu. Ranar da kika yi haka, duk mai gyara na gaskiya zai kama bakinsa, ki rage daga ke sai masu tafi. Zagi da cin mutunci daban ne, wannan ki goge, ki cire mai shi, ba sai kin yi jawabi ba. Ki kuma tuna taurarin nan a gidan aro suke. Marubutan Hausa da yawa sun tara masu saye a OkadaBooks, da manhajar ta rufe a ƙarshen 2023 duk abin da aka tara a kanta ya tafi da ita. Waɗanda suka tsira da jama'arsu su ne masu hanyar kaiwa gare su kai tsaye.

Abin da zaure ba zai taɓa ba ki ba shi ne karatun mutum mai nutsuwa kafin a saki shafi. Ki nemi mutum biyu ko uku, kada duka su zama marubuta, kada kuma su zama masu jin nauyinki. Ki ba su shafi goma a haɗe, ki tambaye su a ina suka ajiye wayar, wa suka manta sunansa, me suke zaton zai faru. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. In kina son ki gwada kanki a inda yawan masoya ba ya aiki, ki shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, inda alƙalai ne ke karanta labari su yanke hukunci.

Game da littafin da ke hannunki: ki zauna yau ki rubuta a layi biyar inda jarumar za ta ƙare da dalilin da ya sa, daga halinta da kika gina tun shafin farko. In komawa gidan mijin ne ya dace da ita, ki duba ko kin nuna abin da ya sauya a wurinsa da zai sa mace mai hankali ta koma. In ba ki nuna ba, masu rantsuwar barin karatu suna da hujja, kuma gyaran yana shafukan da ke tafe, ki ba shi wurin da zai nuna sauyin a aikace. In rabuwar ce ta dace, ki shirya wa ɗaya ɓangaren abin da zai sa su yarda ko da ba su so ba. Sannan ki sanar da ranakun fostin da za ki iya riƙewa, ko uku ne a mako, ki saki shafi na 31 a kan lokacinsa.